Daga Bakin Teku Zuwa Babban Birni: Gana Ko Tanzaniya, Ina Ma'aurata Za Su Dosa?

Ma'auratan da suka tara 'yan kuɗi suna son su fita shan iska na mako guda ko kwana goma, su fara da ƙananan garuruwan bakin teku su ƙare a babban birni inda za a haɗa tsaraba, akwai hanyoyi biyu a cikin Afirka da suka cancanci a auna su. Ɗaya ita ce gaɓar Gana: Busua, Elmina, Cape Coast, sannan a shigo Akra. Ɗayar kuma Zanzibar ce ta ƙasar Tanzaniya, a kwana a Nungwi ko Paje, a tsallaka ruwa zuwa Darussalam. Daga nesa ɗanjuma ne da ɗanjummai: rairayi, bishiyar kwakwa, masunta, tarihin cinikin bayi, sai birni mai zafi da cunkoso. Har yawan jama'a ya zo ɗaya, domin ƙidayar 2021 ta ba yankin Akra mutum miliyan 5.4, ta Tanzaniya a 2022 ta ba Darussalam kusan haka. Amma daɗin tafiyoyin ba wuri ɗaya yake ba. Na Tanzaniya a farko yake, a bakin ruwa, birnin kuwa sai a hankali. Na Gana yana ƙaruwa ne yayin da ake matsowa birni. Don haka kafin komai, maigida da uwargida su zauna su yanke shawara a kan wane rabin tafiyar suke biya wa kuɗi.

Maganar takarda ita kaɗai ta isa ta raba gardama ga mutane da yawa. Ɗan Najeriya ba ya neman bizar Gana, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS: fasfo mai rai da katin rigakafin cutar shawara, a buga masa izinin zama har kwana 90. Mutanen Nijar, tun da ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, gara su tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin su yanki tikiti. Tanzaniya kuwa ta sa Najeriya da Nijar da Chadi a jerin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Ta intanet ake nema, a miƙa takardun ga hukumar shige da fice, a jira amincewa. Hukumar da bakinta tana cewa a nema tun da sauran wata biyu, kuma kada a biya kuɗin jirgi ko na otal sai amsa ta fito. Angon da aka sa ranar aurensa nan da mako uku, ya fara tunanin cin amarci a Zanzibar yau, ya makara. Bayan biza kuma akwai inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum, wato dala 88 ku biyu, ko da kuwa kun riga kun sayi wata inshorar daga gida.

Nisa ma haka. Daga Legas zuwa Akra jirgi bai fi awa ɗaya ba. Akwai hanyar mota ta Seme, Kwatano, Lome da Aflao, mai iyakoki uku, amma wannan ta fatake ce da masu ƙarfin hali. Ba na ba wanda ya ɗauko amarya shawarar ya fara hutu da layin buga fasfo sau shida. Zuwa Zanzibar, mutumin Arewa yakan bi jirgin Habasha daga Kano ko Abuja, a sauka Adis Ababa a canza, tafiyar ta cinye wuni ko dare sukutum. A kwana goma, biyu sun tafi a hanya. Agogon Tanzaniya yana gaban na Najeriya da awa biyu, na Gana yana baya da awa ɗaya.

To, ga ruwa. Nan Zanzibar ta yi wa Gana fintinkau, ba wani ɓoye-ɓoye. Tekun Indiya a gefen Unguja, babban tsibirin Zanzibar, garau yake, mai ɗumi, rairayin fari tas mai laushi, kuma duwatsun murjani da ke can ciki suna karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na kududdufi ba zai iya tsayawa ruwa iya ƙugu hankali kwance. Sai dai garuruwan ba ɗaya ba ne, kuma nan mutane suke yin asarar kuɗi. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a rana, ya yi nisa har sai mutum ya taka doguwar tafiya kafin ya iske shi. Duk bayan kimanin awa shida lamarin yake juyawa. Wanda ya ga hoton otal da ruwa yana lasar matakala, ya iso da hantsi ya tarar da fili fetal, zai ɗauka an cuce shi, alhali lokacin ne bai yi ba. A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi, ruwan ba ya gudu sosai, ana shiga kowane lokaci.

Da jin haka sai a ce to Nungwi za a je. Ni ban ce ba. Nungwi da Kendwa su ne matattarar 'yan yawon buɗe ido na Turai, da shigar wankansu wadda ba shiga ba ce, da mashaya, da kiɗan dare. A Kendwa har da casun da ake yi duk lokacin da wata ya cika. Ga samarin bakin ruwa masu tallan yawon kwalekwale, ba ka gama sallamar ɗaya ba wani ya iso. Ma'auratan da suke da kunya ko kishi za su wuni suna kawar da kai. Paje ta masu wasan lilo da iska a kan ruwa ce, matasa ne suka fi yawa. Jambiani ita ce ƙauye na gaske: doguwar gaɓa, gidajen dutse, masallatai, yara masu zuwa makarantar allo, da matan da suke noman ciyawar teku. In ruwa ya janye za ka gan su da zannuwansu da mayafansu sun shiga cikin fili suna ɗaure ciyawar a jikin igiyoyi, su shanya ta a sayar wa masu fitarwa waje. Uwargida mai hijabi ba za ta zama abin kallo a can ba, domin matan garin ma haka suke. In za a bi tawa, a raba kwanakin: yawanci a Jambiani don natsuwa, dare ɗaya ko biyu a arewa don shiga ruwa da kallon faɗuwar rana da masu sassaƙa jiragen katako a Nungwi. A sayi takalmin roba na shiga ruwa, akwai wata halitta mai ƙaya a cikin duwatsun gabas da ba ta da mutunci.

Tekun Atilantika na Gana wani abu ne daban. Ruwan ya fi duhu, rairayin ja-ja, igiyar ruwa tana zuwa da ƙarfi tana komawa da ƙarfi, kuma a wurare da yawa akwai jan ruwa na ƙarƙashi da ke fizgar ƙafa. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gefe, ba abin kunya ba ne. Busua, da ke yamma da Takoradi, ita ce aka fi yabo da sauƙin ruwa da tsabtar gaɓa, ga shi daga can da ƙafa ana isa Dixcove, garin masunta mai tsohon sansanin Ingilishi a kan tudu. Can gaba wajen iyakar Kodebuwa akwai Axim, da Nzulezo, ƙauyen da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafki, da kwalekwale ake shiga. Amma idan aka matso kusa da manyan garuruwa, leda da robar ruwa sun ɓata gaɓa, wannan gaskiya ce. Kokrobite da Labadi na kusa da Akra wuraren kiɗa ne da hayaniyar ƙarshen mako, ba na hutawa ba.

Abin da gaɓar Gana take da shi wanda ya fi ruwanta nauyi shi ne abin da aka gina a bakinsa. Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast, wanda bai fi kilomita 13 daga Elmina ba, mutanen Suwidin suka fara shi a 1653 kafin ya faɗa hannun Ingila bayan 'yan shekaru. Da zinariya aka fara, aka koma mutane. Mai zagayawa da baƙi zai shigar da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa cusa ɗaruruwan bayi cikin duhu, ya nuna muku cewa a Cape Coast ɗakin ibadar Turawan a saman kurkukun maza yake, a Elmina kuma barandar gwamna tana kallon tsakar gidan da ake tara mata. Sannan ƙaramar ƙofar da ke fita zuwa teku, wadda duk wanda ya bi ta bai dawo ba. Obama ya shiga na Cape Coast da iyalinsa a 2009. Ga Bahaushe wannan ba labarin wasu ba ne can: da yawa daga waɗanda aka kawo nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da kakanninmu fataken goro suka sani da tafiyar Gwanja. Wasu za su ce wannan ba wurin kai amarya ba ne. Ya danganta da amaryar. Amma kada a haɗa sansanonin biyu a rana ɗaya, zuciya ba za ta ɗauka ba. A ga ɗaya, a fito a tsaya a kan gadar Elmina a kalli kwale-kwalen masunta masu fenti da tutoci suna shigowa. Ban da ranar Talata, ranar ba a fita kamun kifi. Washegari a tafi dajin Kakum, tafiyar ƙasa da awa ɗaya arewa da Cape Coast, a hau gadojin igiya guda 7 da aka rataya tsakanin manyan bishiyoyi, wajen mita 30 ko fiye daga ƙasa. A je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Zanzibar ma tana da nata. Tsohon garin dutse, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, arzikin ya tsaya a kan kanumfari da hauren giwa da bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, coci ne a wurin yanzu. A kudancin tsibirin, a Kizimkazi, akwai masallacin da rubutun da ke jikin mihrabinsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Yawancin baƙi kifin dolfin suke zuwa kallo a garin su wuce masallacin. Ku kada ku wuce. Rabin wuni a gonar kayan ƙamshi ma ya biya kuɗinsa, musamman ga uwargida, ta ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu.

Maganar salla da abinci tana da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. A Zanzibar kusan kowa Musulmi ne, kiran salla yana isowa har bakin ruwa, nama halal ne ba sai an tambaya ba. 'Yan Shafi'iyya ne mafi yawansu, don haka maigida kada ya ruɗe in ya ji liman ya bayyana Bisimilla, ko an ɗaga hannu ana alƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u. Abincinsu shinkafa ce da kayan ƙamshi, pilau da biriyani, da miyar kwakwa, da kifi. Kwakwar ce matsala: kwana uku harshen Bahaushe zai fara neman yaji da daddawa. A lambun Forodhani na tsohon gari da dare ana gasa kayan teku iri-iri. A zaɓi wanda aka gasa a gabanka, a tambayi kuɗi kafin a ci, domin akwai masu dawo da kwantai. Da azumi kuwa gidajen abinci da yawa na cikin gari a rufe suke da rana, abin da ba zai dami mai azumi ba.

A gaɓar Gana akasin haka ne. Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari na ƙasar, kuma ƙasar Fante da Ahanta, ƙabilun wannan gaɓar, ba nan suka fi yawa ba. A Busua sallarku a ɗaki za ta fi yawa, abinci kuma a tsaya a kan kifi, a riƙa tambaya, domin ana cin alade kuma wani lokaci gasa ɗaya ake yi. A Cape Coast da Takoradi akwai zango, a tambayi direban tasi zai kai ku. A sani kuma cewa a yankin Fante akwai masallatan Ahmadiyya da yawa, tun da a Saltpond suka kafa cibiyarsu a 1921. Mai son sanin bayan wa zai yi salla sai ya tambaya. Kenke na Fante da soyayyen kifi da baƙin yajin da suke kira shito ba kowa yake so ba a karon farko, tsaminsa ya fi na kamu.

Sai birni, inda ma'aunin yake juyawa.

Akra ga Bahaushe rabin gida ce. A sauka a otal a Osu ko kusa da filin jirgi, a hau tasi na minti kaɗan zuwa Nima ko Mamobi, sai ka ji Hausa ta ko'ina: mai shayi, mai canji, tela, Hajiya mai wake da shinkafar da suke dafawa da karan dafi. Hausar tasu tana da nata ɗanɗano, ba su damu da bambanta namiji da mace a magana kamar yadda muke yi ba, amma ba abin da ba za a fahimta ba. Da safe koko da ƙosai, da rana tuwo da miyar ayoyo, da dare tsire. Akwai Sabon Zango, akwai Madina. A Kanda ga babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina a kan salon masallatan Istanbul, aka buɗe shi a 2021. A tsara tafiya yadda Juma'a za ta riske ku a Akra. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, haifaffen 1919, mutum ne da Musulmi da Kirista duk suke girmamawa, kuma wannan zaman lafiyar ana jin sa a titi. Amfanin wannan duka ga ma'aurata shi ne uwargida za ta iya shiga kasuwa ta yi ciniki da bakinta, ta yi ƙawa, a nuna mata telan da zai ɗinka mata kaya cikin kwana biyu. Inda Hausa ta ƙare Turanci ya ɗauka. Kasuwar Makola ta atamfa ce, GTP da Woodin da sauransu, ga kente ga duwatsun ado na Krobo, ga cakulan Golden Tree na tsarabar yara. Wuraren gani kuwa wuni ɗaya ya ishe su: makwancin Kwame Nkrumah da aka sabunta a 2023, dandalin 'yancin kai na tunawa da 1957, da tsohuwar unguwar Jamestown mai hasumiyar jiragen ruwa. Aibin Akra biyu ne, cunkoso da tsada. Hanyar shigowa daga Cape Coast kilomita 150 ce ko ƙasa da haka, amma a Kasoa kaɗai mota tana iya shafe awa guda. Kuɗin otal mai kyau a Akra kuma ba na wasa ba ne, ga sidi, kuɗin Gana, ya ƙara daraja sosai a 2025, mai riƙe da naira ya ji a jikinsa.

Darussalam birni ne na aiki, ba ta damu da burge baƙo ba. Sarki Majid na Zanzibar ya fara gina ta a shekarun 1860, Jamusawa suka mai da ita hedikwatar mulkinsu a 1891, yanzu kuma Dodoma ce babban birnin ƙasa amma kuɗi da tashar jiragen ruwa suna nan. Shigowarta ta ruwa abin gani ne: jirgin fito mai gudu yana ɗaukar kimanin awa biyu daga Zanzibar, ya sauke ku a tsakiyar gari. A yanki tikiti a ofishin kamfanin ko ta intanet, kada a saurari masu tare mutum a bakin ƙofa, kuma a riƙe jaka da kyau daga masu dako. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu tana tayar da teku, mai saurin amai ya zaɓi jirgin safe, ko ya hau ƙaramin jirgin sama, minti 20 ne. Fasfo ya kasance a hannu, ana duba shi duk da ƙasa ɗaya ce. A cikin gari, Kariyako ita ce zuciyar ciniki. A haɗa Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari a ɗora musu benaye, to ita ce. Nan ake sayen kanga, zannuwan da ake sayarwa bibbiyu da karin magana rubuce a gefensu (a sa wani ya fassara kafin a kai wa suruka, wasu habaici ne), da kitenge, da turaren wuta. Kasuwar kifi ta Kivukoni da asuba ake zuwa a ga gwanjo. Da dare a unguwar Kisutu ana fito da gasasshiyar kaza da tsiren da suke kira mishkaki, da abincin Indiyawa. Akwai motocin bas masu hanyarsu ta daban tun 2016, akwai adaidaita sahu, akwai Bolt. Wanda ruwa bai ishe shi ba, ƙaramin jirgin ruwa yana kai mutane tsibirin Bongoyo a dawo da yamma. Wanda yake da kwana biyu na rara kuma, jirgin ƙasa mai lantarki da aka fara a 2024 yana kaiwa Morogoro cikin ƙasa da awa biyu, daga can a shiga gandun dajin Mikumi a ga giwa da raƙumin dawa. Wannan Gana ba ta da irinsa kusa da Akra.

Amma a Darussalam ku baƙi ne na gaske. Suwahili ake yi, a kasuwa Turanci ba ya kai mutum nesa, kuma ba wata unguwa da za ku shiga ku ji ku a gida. Ko agogo sai an kula: suna ƙirga awa daga wayewar gari, ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, don haka in direba ya ce zai zo ƙarfe biyu, a nuna masa fuskar waya a tabbatar. A hagu ake tuƙi, mai tsallaka titi ya fara duban dama. Ana fizgen waya daga kan babur, kuma ba a shiga tasin da ba a san asalinta ba. Bayan zaɓen Oktoban 2025 an yi tarzoma mai muni a birnin, har aka katse intanet na kwanaki, saboda haka a saurari labarai kafin a sa rana. Bayan natsuwar Jambiani, zafi da hayaniyar Darussalam suna sauka a kan mutum da nauyi. Dare biyu sun isa.

Lokacin tafiya yana iya sauya lissafin duka. Daminar Zanzibar mai ƙarfi daga Maris zuwa Mayu take, wasu otal-otal har rufewa suke yi. Yuni zuwa Oktoba shi ne lokacin sanyi-sanyi da bushewa, Disamba zuwa Fabrairu zafi. A gaɓar Gana ruwa ya fi sauka daga Afrilu zuwa Yuni, ya ɗan dawo wajen Satumba da Oktoba. Agusta ba zafi amma sama a lulluɓe take, teku kuma da sanyi. Matsalar ita ce yawancin bukukuwan aurenmu a ƙarshen shekara ake yi, kuma Disamba shi ne watan da Akra take cika maƙil da 'yan ƙasar mazauna waje da baƙin Amurka masu zuwa casu, al'adar da ta ƙara ƙarfi tun 2019. Kuɗin ɗaki yana tashi, hanya tana toshewa. Zanzibar ma a makon Kirsimeti da sabuwar shekara haka take. Wanda zai iya haƙuri har tsakiyar Janairu zai sami ɗaki da rangwame a ko'ina cikin biyun, sai dai a Gana zai tarar da hazon hunturu ya biyo shi har bakin teku. Sauro yana ko'ina, a tafi da maganin kariya, musamman in uwargida tana da juna biyu. Ita kam a fara ganin likita kafin a yanki tikitin ko'ina.

Wajen kuɗi, tikitin jirgi ne yake raba su. Na Zanzibar ya ninka na Akra, ga biza, ga inshora, ga harajin kwana da otal yake karɓa a kan kowane baƙo, ga tasi daga gari zuwa Nungwi ko Paje mai tafiyar sama da awa guda wanda farashinsa na Turawa ne. Abin da Gana take ci a otal na Akra bai kai wannan ba, kuma masaukan Busua da Elmina suna da dama-dama.

Ga inda na tsaya. Ma'auratan da wannan ce fitarsu ta farko, ko kwanakinsu ba su wuce bakwai ba, ko ɗayansu ba ya sakewa inda ba a jin harshensa, su tafi Gana. Kuma kada su fara da Akra: su sauka su hau ƙaramin jirgin sama na cikin gida zuwa Takoradi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, su kwana biyu a Busua, biyu a Elmina ko Cape Coast, su shigo Akra ranar Laraba ko Alhamis da hantsi. Ta haka doguwar hanyar mota sau ɗaya za a bi ta, kuma ba za a yi ta jan akwatunan atamfa daga gari zuwa gari ba. Waɗanda kuwa teku suke so tsakani da Allah, su shiga ruwa su kwanta su huta, suna da wata biyu na jiran biza da aƙalla kwana goma, Gana ba za ta ba su abin da suke nema ba, su tafi Zanzibar. Su ba tsibirin kaso mafi tsoka, dare ɗaya a tsohon gari a ƙarshe don jirgin fiton safe. Kuma tun wajen yankar tikiti su gaya wa ejan a shiga ta Zanzibar a fita ta Darussalam. In aka yi shi zuwa da dawowa ta wuri ɗaya, sai an sake tsallaka ruwan nan da kayan Kariyako a ka.